Asibitin da ya sa na jira wata 9 kafin a rage mini mama

Na je asibitin nan ne da niyyar a sa mini ranar tiyata. Shekara 11 ina fama da ciwon wuya da na gadon baya saboda nauyin mama. Igiyar bireziya ta haƙa mini rami a kafaɗu har yatsa na kwanciya a ciki, ƙarƙashin maman kuwa da zarar zufa ta taru sai fatar ta yi ja ta saɓule. Amsar da na samu a zuwan farko ita ce, "Ba yanzu ba." Ranar na fita da hawaye, amma yau wannan amsar ce dalilin da ya sa nake tura wasu matan wurin, duk da ina da ƙorafi a kansu.

Ƙorafin farko sikeli ne. Sun ajiye shi a bakin ɗakin jira, nas ɗin da ta auna ni kuma ta ɗaga murya ta ce wa abokiyar aikinta, "Kilo 97, tsayi mita 1.62," mata huɗu suna zaune suna ji. Duk mace mai jiki ta san yadda hakan ke sosa rai. Na yi musu magana, kuma a zuwana na uku na tarar sun mayar da shi bayan labule. Na biyu jira ne, sai da na yi awa biyu da rabi a kan kujera kafin a kira ni.

Da na shiga wurin likitar sai komai ya sauya. Ta jawo takarda ta yi lissafin a gabana: ana raba nauyin mutum da tsayinsa sau tsayinsa, abin da ya fito shi ake kira BMI. Nawa ya ba da 37. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 an shiga ƙiba, 35 mataki na biyu, 40 na uku. Na ce, "Likita, ai maman ne ke ƙara mini nauyin." Ta ce, "Hajiya, ko kilo 2 na cire miki, lambar nan ba za ta sauka da maki ɗaya cikakke ba." Na lissafa da kaina a waya, haka ne.

Sai ta juya takardar ta zana mini yankan. Yana zagaye kan nono, ya sauko a tsaye, ya haɗu da wani na kwance a lanƙwasar ƙasan mama. Ta ɗora bakin biro a daidai mahaɗar ta ce nan ne wurin da ya fi ba su wahala, domin gefunan fata uku ne ke haɗuwa, ɗinki na jan su, jini kuma bai cika isa wurin sosai ba. Kitse ba shi da yawan hanyoyin jini, don haka idan ya yi kauri a ƙarƙashin fata, rauni yakan yi jinkirin haɗewa, ya fi saurin buɗewa ko kamuwa da ƙwayoyin cuta, wani lokaci ma wani ɓangaren kitsen ya mutu ya zama ƙullutu mai tauri. Shi kan nonon ba cire shi ake yi ba, ana barinsa manne da wani zirin nama da ke kai masa jini, a matsar da shi sama. Gwargwadon girma da saukowar mama, gwargwadon tsawon zirin, kuma idan ya yi tsawo ainun jinin na iya kasa kaiwa. A irin wannan hali wasu likitoci kan cire kan nonon gaba ɗaya su dasa shi, wanda ke nufin an rasa shayarwa, jin taɓi ma yawanci ya tafi.

Abin da ya fi tsorata ni ba raunin ba ne. Ta tambaye ni ko ina munshari, ko an taɓa cewa numfashina na ɗaukewa cikin barci, saboda hakan ya fi yawa ga masu ƙiba kuma yana da haɗari bayan maganin sa barci. Ta kuma yi maganar gudan jini da kan daskare a jijiyar ƙafa bayan tiyata, ya ɓalle ya tafi huhu. Wannan yana kisa. Ba ta ƙawata maganar ba, ba ta kuma zuzuta ta ba.

A nan ne na ga bambancinsu. Akwai wuraren da lamba ce kawai ke yanke hukunci. A Ingila, ƙa'idar hukumar lafiya ta NHS ita ce BMI ya kasance ƙasa da 27, ya kuma tsaya haka wata 12, kafin a yi wa mace wannan tiyata. Da an gindaya mini haka, da har yau ina ɗauke da kayana. Likitar ta ce mata masu ƙiba suna samun sauƙin ciwon baya da wuya bayan aikin kamar kowa, kuma yawancin matsalolin da ke ƙaruwa na warkewar rauni ne, ba na rai ba. Abin da ta nema a wurina shi ne BMI ɗina ya sauko kusa da 32, nauyin ya tsaya wuri ɗaya wata 3, gwajin suga da na hawan jini su yi kyau. Ta tambayi taba da duk wani abu mai nikotin har sau biyu, domin yana tsuke ƙananan hanyoyin jini, kuma ta ce ba ta yi wa mai sha aiki sai ta daina aƙalla sati 4 kafin ranar. Ta ƙara wani dalili da ban taɓa tunani ba: idan aka yi aikin sannan na rame, maman zai sake zubewa, siffar da aka ɗinka ta lalace.

Na ce mata gaskiyata, ta yaya wadda ko sauri ba ta iya yi saboda ƙirji za ta motsa jiki? Ba ta ce in dage kawai ba. Ta haɗa ni da mai ba da shawara kan abinci da kuma likitan gashin ƙashi da motsa jiki, wanda ya ɗora ni a kan keken tsaye da tafiya cikin ruwa, inda nauyi ba ya jan wuya. Duk wata sai an kira ni a waya. Cikin wata 6 na dawo kilo 84, na riƙe shi wata 3.

Aikin ya ɗauki kusan awa 3. Sun sa mini safa mai matse ƙafa da wata na'ura da ke matsa sha-raɓa tana saki, aka yi mini allurar hana daskarewar jini, kuma da yammar ranar nas ta riƙe hannuna ta sa na taka zuwa ƙofa na dawo. An cire giram 910 a dama, 840 a hagu.

Duk da wannan shiri, a sati na uku ɗinkin hagu ya buɗe, daidai wurin da ta ɗora biro. Faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, amma da na ɗaga bandeji na ga jan nama yana tsattsafo da ruwa, jikina ya yi sanyi. Na kira lambar da suka ba ni ta dare har sau uku kafin a ɗauka, kuma wannan lallai su gyara shi. Da safe likitar ta duba da kanta, ta ce babu alamar ƙwayar cuta, ba sai an sake ɗinki ba. Sati 5 ina zuwa wankin ciwo sau biyu a mako har ya cike.

Yau wata 7 ke nan da yin aikin. Ciwon wuya ya tafi tun satin farko, ramin kafaɗa yana nan amma ya ragu, tabon hagu ya fi na dama faɗi, kan nonon hagu kuma har yanzu bai gama dawo da jin taɓi ba. Idan na cika wata 12 zan koma a duba shi.