Manley Massive Passive ko GML 8200: wacce za ka ɗora a kan mikis?

Ɗan'uwa, ka ce ka daɗe kana tari, kana son ikwalaiza, wato na'urar ƙara ko rage kauri da kaifin sauti, guda ɗaya ta ƙarfe wadda mikis ɗinka, wato haɗaɗɗen sautin waƙa, gaba ɗaya zai riƙa bi ta cikinta, kuma hankalinka ya rabu tsakanin Manley Massive Passive da GML 8200. Allah ya sa wa nema albarka. Dukansu sitiriyo ne, dukansu ƙirar Amurka, kuma kowacce sai ka ajiye dubban daloli. Daga nan kuwa hanya ta rabu.

GML sunan George Massenburg take ɗauke da shi, injiniyan da ya gabatar da tsarin faramitirik a taron AES, ƙungiyar injiniyoyin sauti, a 1972. Tsarin shi ne ka zaɓi wurin da za ka taɓa a sauti, da yawan abin da za ka ƙara ko ka rage, da faɗinsa, kowanne da maɓallinsa. 8200 tana da zango biyar a hagu, biyar a dama, daga 15 Hz har 26 kHz, wato daga sauti mafi kauri zuwa mafi siriri, kana iya ɗagawa ko saukewa har 15 dB, ma'aunin ƙarfin sauti. Babu tub, wato ƙwan gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti, a cikinta, babu taransifoma a hanyar sauti, don haka ba ta shafa wa waƙa wani launi nata. Idan muryar mawaƙi tana soka kunne a wajen 3 kHz, sai ka matse zangon, ka laluba har ka kama wurin, ka sauke shi kaɗan. Zafin ya tafi, sauran muryar na nan yadda take. Aikin allura ke nan, kuma ta iya shi ƙwarai.

Massive Passive wata halitta ce daban. Kamfanin Manley da ke Chino a Kalifoniya ya fito da ita a 1998, ƙirar Craig Hutchison, kuma jininta na tsohuwar ikwalaizar Pultec ne. Sashen da ke gyara sautin ba ya ƙara ƙarfi, ragewa ma yake yi, sai tub ya ɗago abin da ya zube. Zango huɗu ne a kowane ɓangare, daga 22 Hz zuwa 27 kHz. Abin da ke rikita sabon hannu shi ne maɓallanta ba sa zaman kansu: ka taɓa faɗi, ƙarfin ma ya motsa. Sannan zangunan a jere suke kafaɗa da kafaɗa, ba wani ke zuba wa wani ba, saboda haka idan ka ɗaga guda biyu da ke maƙwabtaka ba sa haɗuwa su yi tsiri kamar yadda ka saba gani a kwamfuta. Shi ya sa za ka murɗa da yawa, ido ya ce an wuce gona da iri, kunne ya ce a ƙara.

Akwai abin da nake so ka gwada in ta shigo hannunka. Ka mayar da zangon ƙasa shelf, wato yanayin da ke ɗaga duk sautin da ke ƙasa da wurin da ka zaɓa, ka ɗaga wajen 47 ko 68 Hz, sannan ka riƙa matse faɗin a hankali. Za ka ji bes da ganga sun yi nauyi, a lokaci guda kuma wani ɗan rami ya buɗe a samansu, daidai inda taɓo ke taruwa ya danne murya. Wannan ita ce dabarar da masu Pultec ke yi da maɓalli biyu, a nan guda ɗaya ya wadatar. Daga sama kuma, ɗan ɗagi a 16 kHz yana buɗe waƙa ba tare da harafin sin ya koma reza ba. Waƙoƙinmu da kiɗansu ke fitowa daga fiyano da kwamfuta, ga murya ta sha otatun, manhajar nan mai gyara murya, sau da yawa sukan fito da bushewa da kaifi. A irin wannan wurin take nuna kanta.

Ni dai da kuɗin nawa ne, Manley zan ɗauka. Aikin da GML ta shahara da shi, wato yanka mai tsabta, filogin na yau, wato manhajojin gyaran sauti na kwamfuta, suna yin sa da kyau, har shi Massenburg ɗin ya fitar da ikwalaizarsa ta kwamfuta mai suna MDW. Nauyi da laushin da tub da taransifoma ke bayarwa su ne suka fi wuyar samu a cikin kwamfuta. Amma idan mikis ɗinka dama yana da kauri, ko kana yawan karɓar aikin wasu don gyaran ƙarshe, wato mastarin, GML ta fi dacewa da kai, don ba za ta sauya wa mai waƙa kamannin aikinsa ba.

In Manley ka ɗauka, kada ka manta da ɗakin da za ta zauna. Tub zafi yake fitarwa, yana tsufa, wata rana sai an canza shi, ga zafin watan Afrilu a garuruwanmu. Ka bar mata sarari sama da ƙasa a rak, ka ba ta ɗan lokaci ta ɗumama kafin ka fara yanke hukunci da kunne. Ka tabbatar tana aiki da wutarmu mai bolt 230, ba 120 na Amurka kaɗai ba, kafin ka jona, kuma kada ka haɗa ta kai tsaye da janareto ba sitabilaiza. Ita GML tana zuwa ne da akwatin wutarta daban, ka tambayi mai sayarwa ko yana cikin kuɗin.

Sai maganar komawa kan tsohon aiki. Babu wadda ke adana saiti a cikinsu. Mawaƙi zai dawo bayan sati biyu ya ce a ɗaga masa murya kaɗan, kai kuma ka riga ka murɗa komai. Kowacce tana da 'yar'uwa mai maɓallai masu tsayawa daki-daki, Massive Passive ta mastarin da GML 9500, amma sun fi tsada. In ta talakawan ka saya, ka ɗauki hoton fuskarta da waya a ƙarshen kowace waƙa, daga gaba sosai ba daga gefe ba, ka jefa hoton cikin folda ɗaya da aikin.