Metabol ko rarraba raga: wanne ya dace da tallar fura da nono?

Malama Rukayya, sannu da ƙoƙari. Na ga tambayarki tun daren jiya, sai yanzu na samu zama. Kin ce wani mai shagon fura a titin Gidan Zoo ya ba ki aikin talla na daƙiƙa 15, kina son ɗigon nono su riƙa haɗuwa suna zama ɗaya, daga baya curin fura mai ido da hannuwa ya fito yana ɗaga wa mutane hannu. Kin ga hanya biyu a Blender, manhajar ƙera hotunan 3D, wato metabol da rarraba raga, kina tambayar wacce ta fi.

Abin da zan fara ce miki shi ne, aikin nan naki abu biyu ne a riga ɗaya. Nonon ba shi da siffa tasa ta kansa, yanzu ɗigo uku ne, an jima ɗaya ne. Curin fura kuwa dole ya kasance shi ne shi daga farkon talla har ƙarshe. Da wannan bambancin za ki yi zaɓi.

Mu fara da metabol, don ita ce mutane suka fi amfani da ita ba tare da sun san abin da ke faruwa a ciki ba. Ki tuna kaskon wuta a lokacin hunturu. Kusa da shi ɗumi ya fi ƙarfi, kina ja da baya yana raguwa. Idan aka ajiye kasko biyu kusa da juna, wanda ya zauna a tsakiya ɗumin duka biyun yake samu. Haka kowace ƙwallon metabol take: tana da ƙarfi da ke raguwa da nisa, kwamfuta tana tara ƙarfin dukan ƙwallayen, sai ta zana fata a daidai inda jimlar ta kai wani mizani. A Blender mizanin yana farawa a 0.6. To a ce wani wuri tsakanin ƙwallaye biyu yana samun 0.35 daga kowacce. Ita kaɗai babu wadda ta kai, amma a haɗe sun ba da 0.7, sun wuce mizani. Nan take sai ki ga wuya ya tsiro a tsakaninsu, yana kauri yayin da suke matsowa, har su narke cikin juna kamar ɗigon man gyaɗa a kan ruwa. Ba ke kika zana wuyan ba, lissafi ne ya haife shi. Ni dai har yau abin yana burge ni.

Jim Blinn ne ya wallafa dabarar a 1982 a Amurka, yana neman yadda zai zana ƙwayoyin zarra da suka haɗu. Sai dai lissafin kaɗai ba ya ba da abin da katin hoto zai nuna, dole a mayar da shi raga, wato saƙar ƙananan fuskoki da ke ba abu siffa a kwamfuta. Shahararriyar hanyar yin haka ita ce ta Lorensen da Cline ta 1987, wadda suka ƙirƙira don hotunan asibiti: a yanka sarari zuwa ƙananan akwatuna, a duba kusurwa 8 na kowane, wacce ke ciki wacce ke waje, abin da ke ba da yanayi 256. Wannan ya shafe ki kai tsaye. Lambar rezolushan da ke cikin Blender girman akwatin ce, shi ya sa ƙaramar lamba ta fi ba da santsi. Tana zuwa a 0.4 wajen aiki, 0.2 wajen renda, wato fitar da hoton ƙarshe. Duk lokacin da kika raba ta biyu, idanun ragar suna ninkuwa kusan sau huɗu. Idan laftof ɗinki irin namu ne na hannu da muke saya a Beirut Road, kada ki taɓa ta wajen aiki, ta renda kawai za ki rage.

Rarraba raga kuwa daga ɗaya ɓangaren take farawa. Ke ce za ki gina keji mai kusurwoyi, ita kuma ta raba kowace fuska, ta ja kusurwoyin zuwa matsakaicin maƙwabtansu, har kaifin ya ɓace. Ed Catmull da Jim Clark ne suka fito da tsarin a 1978. Ki ɗauki akwatin da Blender ke buɗewa da shi, mai fuska 6, ki danna Ctrl da 1 ya zama 24, mataki na biyu 96, na uku 384. Ga curi ya kusa fitowa. Za ki lura yana ɗan tsukewa ya fi kejin ƙanƙanta, wannan ɗabi'arsa ce, ba kuskurenki ba ne.

Inda suka rabu sosai shi ne wajen saƙa. Ragar metabol sabuwa ake saƙawa a kowane firam, wato kowane hoto ɗaya na bidiyon, ta ɗazu daban, ta yanzu daban. Don haka ba ki da inda za ki manna hoto ya zauna. Idan kika yi curin fura da ita, ba za ki iya zana masa baki ko ki ɗora masa tambarin shagon yadda ya kamata ba. Ga kuma matsalar da ta fi ci mini rai lokacin da nake koyo: na taɓa yin ɗan mutum-mutumi da metabol, duk sa'ad da ya sauke hannu sai hannun ya narke cikin cikinsa, domin lissafin bai san hannu ba, bai san ciki ba, kusanci kawai ya sani. Kwana biyu na yi ina fama kafin na haƙura. A rarraba raga kejin ba ya canzawa, za ki sa masa ƙasusuwa, ki shimfiɗa fatarsa ki yi mata launin gero da ɗan barbaɗin gari, komai ya zauna inda kika ajiye shi. Amma ki kawo curi biyu irin wannan ki haɗa, sai dai su shige cikin juna da layi mai kaifi a tsakani, babu narkewa ko kaɗan.

Saboda haka nonon ki yi shi da metabol, curin ki yi shi da rarraba raga a mataki na biyu, su zauna a fage ɗaya. Farin nono ma ba ya buƙatar hoto, launi da ɗan sheƙi sun isa, kin ga raunin metabol bai taɓa ki ba ke nan.

Abu ɗaya da zai iya ruɗa ki: a Blender ƙwallayen da ke da tushen suna ɗaya ne kawai suke narkewa da juna, wato Mball da Mball.001 'yan gida ɗaya ne. Idan kina son ɗigon zuma ya gangaro kan nono ba tare da sun cakuɗe ba, ki sauya wa na zumar suna gaba ɗaya. Sannan akwai zaɓin mayar da ƙwallo mai ragewa maimakon ƙarawa, da ita za ki yi ramin da curin zai bari a kan nono lokacin da ya faɗa cikin ƙwarya. Ki gwada da ƙwallaye biyar tukuna, ki turo mana hoton wuyan da ya fito mu ga ko mizanin yana son gyara.