Gargaɗi ga mai zuwa Roma: a yi hattara da kifin da ake sayarwa da awo

Wannan gargaɗi ne ga duk wanda tafiya za ta kai shi birnin Roma na ƙasar Italiya na 'yan kwanaki, ko don taro, ko kasuwanci, ko yawon buɗe ido. Galibin gidajen abincin birnin suna sana'arsu tsakani da Allah, amma a kewayen wuraren da baƙi suka fi taruwa, kamar shahararriyar maɓuɓɓugar ruwa ta Fontana di Trevi da dandalin Piazza Navona da hanyar zuwa fadar Paparoma, akwai waɗansu da suka mayar da baƙo abin tatsa, domin sun san yau yake nan, jibi ya tafi, kuma ba zai tsaya shari'a da kowa ba a harshen da bai iya ba.

Abin ba jita-jita ba ne. A shekarar 2009 wani gidan abinci da ke kusa da Piazza Navona ya miƙa wa wasu 'yan ƙasar Jafan su biyu lissafin Yuro 695 a kan abincin rana, suka kai ƙara wurin 'yan sanda, daga baya hukuma ta rufe gidan. A 2019 kuma wasu 'yan Jafan biyu na daban suka ci taliya da kifi a wani wuri kusa da Castel Sant'Angelo, aka ce su biya Yuro 429.80, a ciki har da Yuro 80 na tukuicin ma'aikata. Hujjar da masu gidan suka bayar ita ce farashinsu a rubuce yake, kuma kuɗin kifi ya danganta ne da nauyinsa. Wannan hujja ita ce ginshiƙin damfarar gaba ɗaya.

A Italiya al'ada ce a sayar da sabon kifi da awo, kuma doka ba ta hana ba. A takardar jerin abinci za a ga farashi, a gefensa kuma an rubuta all'etto da ƙananan haruffa, wato kuɗin kowane giram 100 ke nan. Baƙo yana ganin Yuro 8 sai ya ɗauka kuɗin faranti ne, har ya yi murnar ya sami araha a tsakiyar birni. Idan kifin da aka gasa masa ya kai kilo ɗaya da giram 200, kuɗinsa ya zama Yuro 96, tun ba a zo kan ruwa da burodi ba. Gidan kirki yakan kawo kifin ɗanye, a auna a faɗa wa mutum nauyinsa da kuɗinsa kafin a ɗora a wuta. Gidan 'yan damfara kuwa ba ya nuna ma'auni, yakan zaɓo mafi girma, wani lokaci ya haɗa da jatan lande da sauran kayan teku da ba a nema ba, kuma da zarar an cinye babu sauran abin da za a auna a ƙaryata shi.

Wannan tarko ya fi saurin kama Musulmi, shi ya sa na ga ya dace a yi maganarsa a fili. Shahararrun taliyoyin Roma, wato carbonara da amatriciana da gricia, duk da naman kumatun alade da suke kira guanciale ake dafa su. Saboda haka mai kiyaye abin da zai ci yakan tsallake su ya nufi shafin kifi kai tsaye, kuma da ma'aikaci ya ji an ce ba a cin alade, sai ya yi murmushi ya ce a bar masa zaɓi, yana da kifi na musamman da aka kawo yau. Wannan kifi na musamman sau da yawa ba ya cikin takarda, saboda haka ba shi da rubutaccen farashi sai wanda aka ga dama a ƙarshe. Kunyar tambayar kuɗi a gaban abokan tafiya ita ce take ƙarasa musu aikin.

Alamun irin waɗannan gidaje ba su da wuyar ganewa. Za a tarar da mutum tsaye a ƙofa yana tare masu wucewa kamar ɗan kamashon tasha, ga hotunan abinci manne a bango, ga takarda cikin harsuna biyar ko shida, amma a ciki da wuya a ji wani yana magana da Italiyanci in ban da ma'aikata. Idan aka nemi takardar farashi aka ga ana jan ƙafa, to a tashi tun ba a taɓa komai ba.

Akwai kuma ƙananan ƙari da ake cusawa a lissafi. Kuɗin zama da ake kira coperto, wanda ake karɓa a sauran sassan Italiya, wata dokar Lazio, yankin da Roma take ciki, ta hana shi a 2006, amma wasu suka sauya masa suna zuwa kuɗin burodi ko kuɗin hidima. Duk abin da za a caji mutum dole ne ya kasance a rubuce a takardar farashi, tukuici kuwa ba wajibi ba ne a ƙasar, kyauta ce ga wanda ya so. Idan ba a buƙatar burodin da aka ajiye, a ce a ɗauke shi tun farko. Ruwan sha ma ba sai an saya da tsada ba, domin birnin cike yake da famfunan kan titi da ake kira nasoni, ruwansu mai tsabta ne kuma kyauta.

Kafin a yarda da kowane kifi, a tambayi nauyinsa da jimillar kuɗinsa, a sa ma'aikaci ya rubuta a takarda, sannan a ɗauki hoton shafin farashi da waya. Wanda yake son cin nama da kwanciyar hankali zai sami gidajen abincin halal da yawa a kewayen tashar jirgin ƙasa ta Termini da unguwar Esquilino, inda farashi yake a bayyane kuma bai kai na bakin Trevi ba.

Idan kuwa har an riga an kawo lissafin da ya wuce hankali, kada a yi hayaniya, kada kuma a fice ba tare da an biya ba, domin hakan zai mayar da mai gaskiya mai laifi. A nemi cikakken lissafi da ya nuna kowane abu da kuɗinsa, a dage sai an bayar da rasit na haraji, wanda suke kira scontrino, saboda rubutun hannu a guntun takarda ba ya zama shaida. Idan suka ce na'urar kati ta lalace sai tsabar kuɗi, a sani cewa tun tsakiyar 2022 ana cin tarar ɗan kasuwar da ya ƙi karɓar kati a Italiya. A kira 117, lambar Guardia di Finanza, 'yan sandan da ke kula da haraji da zambar kuɗi, ko 112 idan an tare ƙofa ko an yi barazana, a kuma zauna a wurin har jami'an su iso.