Jirgin Nutso U-995 a Laboe: Ɗakin Ƙarfen da Hess Ya Jagoranta Yana Ɗan Shekara 21

Duk mai son ya fahimci rayuwar hafsan sojan ruwan Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, ya je Laboe, wani ƙaramin gari a bakin teku kusa da birnin Kiel, a arewacin Jamus. A can aka girke U-995 a kan tudu tun 1972, kuma shi kaɗai ya rage a duniya cikin ɗaruruwan jiragen nutso samfurin VII. Daga Kiel akwai bas, akwai kuma jirgin fito mai ɗaukar kusan awa ɗaya. Jirgin fiton ya fi daɗi.

An ƙera U-995 a Hamburg, ya fara aiki a 1943. A watan Oktoban 1944 aka damƙa shi a hannun Hans-Georg Hess, haifaffen 1923. Yaro ne ɗanye shakaf, amma rayukan mutum kusan 50 suna wuyansa, a tekun arewacin Norway mai tsananin sanyi, inda suke farautar ayarin jiragen da ke kai wa Tarayyar Sobiyet kaya ta tashar jiragen ruwa ta Murmansk. Ya samu babbar lambar yabo a Fabrairun 1945, watanni uku kafin Jamus ta miƙa wuya. Bayan yaƙi ya zama lauya, ya rasu a 2008. Shi kuwa jirgin, Norway ta riƙe shi, ta yi aiki da shi da sunan Kaura, kafin ta mayar wa Jamus a 1965.

Tsawonsa mita 67 ne, amma da zarar ka sa ƙafa ciki za ka ga mutum shi ne abu na ƙarshe da maƙera suka yi tunani a kansa. Inji ne da bututu da makami suka cinye wurin. Injinan dizal biyu na tafiyar saman ruwa, injinan lantarki masu aiki da batir na ƙarƙashin ruwa. A sama yana gudun kusan kilomita 32 a awa, in ya nutse da ƙyar ya kai 14, shi ma na ɗan lokaci kafin batir ya yi sanyi. Wannan rauni ne ya halaka da yawa daga cikin irin waɗannan jirage lokacin da jiragen sama masu rada suka yawaita.

Ka tsaya ka dubi makwancin kwamanda da kyau. Ɗan gado ne da labule, daura da ɗakin rediyo da na sauraren motsin jirage, taku kaɗan daga ɗakin sarrafawa, don kada labari ya ɓata lokaci kafin ya iso kunnensa. Nan ne gatan Hess gaba ɗaya. Ƙananan ma'aikata kuwa a ɗakin gaba suke kwana tare da tofido, wato makamin da ake harbawa ta cikin ruwa, ana karɓa-karɓar gado: wannan ya tashi aiki, wancan ya kwanta a kan ɗuminsa. Bututun harbi huɗu ne a gaba, ɗaya a baya. Kicin ɗin bai fi tsayuwar mutum ɗaya ba. Banɗaki biyu ne, kuma sukan cika ɗaya da kayan abinci a farkon tafiya.

Inda ake samun matsala shi ne cunkoso. Hanya ɗaya ce siririya, in wani ya tsaya ɗaukar hoto duk na baya sun tsaya, don haka a je da sassafe, a guji lokacin hutun bazara. Sai an sunkuya an ɗaga ƙafa kafin a wuce zagayayyun ƙofofin da ke gefe biyu na ɗakin sarrafawa, kuma ƙarfe ba ya tausayin goshi. Mai ciwon gwiwa, da mai babbar jaka, da wanda ƙunci ke tayar wa hankali, su yi shawara tukuna.

Kada a tsaya a jirgin kawai. Tsallaken titi akwai hasumiyar tunawa mai tsayin mita 72, wadda yanzu aka sadaukar ga ma'aikatan ruwa na dukkan ƙasashe da teku ta ci. Can ne mutum zai tuna cewa kowane tofido da ya gani, mutane aka auna da shi, kuma gwamnatin Hitler Hess ya yi wa aiki. A Möltenort, kan hanyar komawa Kiel, an rubuta sunayen sojojin jiragen nutso kusan 30,000 da suka mutu a wannan yaƙi, cikin kimanin 40,000 da suka fita.