Kafin ka ƙone forfenka wajen sauke manhajar gyaran hoto, karanta wanga

Shekaranjiya bayan la'asar ƙanen matata ya same ni a ƙofar gida nan unguwar Zariya ta Maradi, ya miƙo mini wayarshi ya ce Yaya don Allah sa mini Photoshop, ina so in fara yi wa mutane katin biki da afish kamar yadda kake yi. Na karɓa na duba, ƴar Itel ce mai giga 2 na RAM, memwar kuma ta cika maƙil da bidiyon kokowa. Na ce mishi samu wuri ka zamna tukuna. Abin da na gaya mishi shi ne zan rubuta a nan, don tambayar ta yi yawa, kusan kowane sati sai wani ya yi mini ita.

Mutane suna fara tambaya da wace manhaja ta fi kyau, alhali tambayar da ta kamata ita ce mi ke hannunka, waya ko kwamfuta, rezon unguwarku ya yake, kuma wane aiki kake son yi. Mai son ya gyara hoton atamfa da shadda ya sa a status don ƴan kasuwa su gani, da mai son ya buɗe sitidiyo yana wanke hoton amare, ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba.

In waya kawai gare ka, fara da Snapseed. Ta Google ce tun 2012 da suka sayi kamfanin da ya ƙera ta, kyauta ce, babu talla, kuma da ka sauke ta shi ke nan, ko babu intanet tana aiki. A nan za ka koyi tushen abin: yanke hoto, miƙe shi in ya karkace, ƙara haske, rage inuwa, goge ɗan tabo ko ƙuda da ya sauka kan kaya. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne kana iya dangwala yatsa wuri ɗaya, misali fuskar mutum da ta yi duhu saboda rana na bayanshi, ka haska wurin kaɗai ba tare da sararin sama ya ƙone ya koma fari fat ba. Da irin ranar Maradi ta watan Afrilu wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Amma fa ba ta tsara kati ba ce, rubutun da take yi kaɗan ne. Lightroom ta waya ma tana da kyau wajen launi, sai dai sai ka buɗe kwant, kuma wasu kayan aikin a kulle suke sai ka biya.

Wajen kati da afish kuwa yara suna rabuwa gida biyu, ƴan Canva da ƴan PixelLab. Canva daga Ostareliya ta fito a 2013, tana da samfura birjik, ka zaɓi ɗaya ka canza suna da kwanan wata, cikin minti goma ka gama katin suna. Matsalarta biyu a wurinmu. Ɗaya, yawancin aikinta sai da intanet, ranar da rezo ya yi nauyi za ka zamna kana kallon abu yana juyawa har shayinka ya huce. Biyu, duk abin da ka ga alamar kambi a jikinshi na kuɗi ne, har da cire bayan hoto, kuma biyan yawanci da kati irin Visa ne, wanda ba kowa ke da shi ba. PixelLab ba ta da kwalliya ko kaɗan, kamar tsohon kabu-kabu take, amma tana kai ka inda za ka, babu ruwanta da intanet, tana shiga ƙaramar waya, kuma kana iya zuba mata salon rubutun da ka ga dama. Ni ga mai koyo na fi son PixelLab, don ita ba ta tauna maka, kai za ka jera komi da hannunka, idonka ya buɗe. Katin Canva kam da ka gan shi ka san shi, biki uku a unguwa kati iri ɗaya, sunan ango kawai ya bambanta.

Bari in tsaya kan maganar salon rubutu, don a nan na taɓa shan kunya. Katin walimar saukar Alƙur'ani na yi wa ƴar yayata, na zaɓi wani rubutu mai lanƙwasa mai kyau, ban lura ba ashe babu harafin ƙ da ɗ a cikinshi. A allon waya ƙanana suke ban kula ba, sai da aka buga kwafi 200 aka kawo gida na ga duk inda ƙ take wani ɗan akwati ne ya fito. Yayata ba ta ce komi ba, kallon da ta yi mini ya isa. Tun daga ranar, kafin in yarda da kowane salon rubutu sai na rubuta ƙ ɗ ɓ ƴ na gani da idona. In kuma akwai Larabci a katin, ka duba haruffan sun haɗu kuma daga dama suka fara, in ba ka iya ba ka kai wa malamin unguwa ya duba maka kafin a buga.

To yanzu masu kwamfuta. Photoshop ita ce uwa, babu gardama, tun 1990 take kasuwa. Amma tun 2013 Adobe, kamfanin da ke da ita, suka daina sayar da sabuwarta a saya sau ɗaya, sai haya wata-wata, kuma sababbin fitowarta suna son RAM giga 8 zuwa sama, irin kwamfutocin hannu da muke saye masu giga 4 sai dai su yi ta nishi. Na san abin da za ku ce, ai akwai wadda aka fasa, ana zuba ta a kile da ɗan kuɗi kaɗan. Na yi, ba labari aka ba ni ba. Kilen da wani ya ba ni ta zo da birus, hotunan biki biyu na mutane suka ɓace, sai haƙuri na dinga bayarwa gida-gida. Ban da haka kuma kayan mutane ne, kowa ya tambayi zuciyarshi.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Photopea. Wani matashi mai suna Ivan Kutskir ya ƙera ta a ƙasar Cek, ba a sauke ta, cikin Chrome ko Firefox kake buɗe ta, fuskarta kusan sak ta Photoshop, tana buɗe fayil ɗin PSD, wato na Photoshop, kuma tana adana shi, talla ce kawai a gefe. In ta gama buɗewa aikin a cikin naurarka yake gudana, saboda haka ba ta cin mega sosai. Wanda ya koya a nan, ranar da ya samu aiki a sitidiyon da ke da Photoshop hannunshi ba zai yi baƙunta ba. Sai GIMP, kyauta ce ɗungurungum tun shekarun 1990, ta 3.0 ta fito a watan Maris 2025, ana sa ta a kwamfuta ta zamna, ko rezo ko babu. Gaskiya satin farko za ta ba ka haushi, komi ba inda kake zato yake ba, amma in ka jure ta wuce wurin. Akwai kuma Affinity da Canva suka saya a 2024, daga baya suka sake ta kyauta, ita dai tana son naura mai ɗan ƙarfi. Tambari da banderol manya kuma wannan fannin CorelDRAW ne ko Inkscape, wata magana ce daban.

Ko wacce ka ɗauka, abu biyu ne in ba ka gane su ba kana nan inda kake. Na farko shi ne leya, masu manhaja da Faransanci suna ganin kalk. Ka ɗauka ledoji ne farare masu nuna ciki ka jera su, hoto a ɗaya, rubutu a ɗaya, fure a ɗaya, in uwar amarya ta kira ta ce an ɗage biki sai ka taɓa ta kwanan wata kaɗai. Don haka kullum ka ajiye aikin da leyoyinshi, PSD ko XCF na GIMP, sannan ka fitar da JPG na turawa, PNG kuma in kana son bayan ya zama babu komi. Kuma ka riƙa adanawa akai-akai, kuran ba ya sallama kafin ya tafi. Na biyu girman hoto ne. Takardar A4 in za a buga ta fes tana son piksel 2480 a 3508, hoton da ka kwafo daga status ba zai kai ko kusa ba, komi ka ja shi sai ya dushe. WhatsApp yana matse hoto in ka tura shi haka nan, in za ka aika wa mai bugawa ka tura shi a matsayin dokima. Launin allo kuma ya fi na takarda haske, ka sa a buga maka kwafi ɗaya ka gani kafin a saki sauran.

Ƴar magana kan manhajojin nan da ke gyara fuska da kansu: a yi hattara. Suna goge tsage, su sa tsohuwa ta koma ƴar shekara ashirin, baƙi ya koma fari, ka kai wa mutum hoton kakarshi ya ce wannan wace ce.

Shi dai ƙanen matata mun goge rabin bidiyon kokowar, yana ta ƙorafi, na sa mishi Snapseed da PixelLab. Na ba shi hoton buhunan gyaɗa da na ɗauka a babbar kasuwa, mai duhu, a karkace, na ce ya gyara ya rubuta farashi a kai ya kawo mini ranar Juma'a. Jiya da dare ya turo na farko, rubutun ja ne a kan ja, na ce ya sake.