Aikin wani mai gyaran kibau a Tudun Wada

Akwai wani mai ƙaramin shago kusa da Kasuwar Barci a Kaduna da ke liƙa wa kiban wasan harbi fikafikan roba, kuma aikinsa ya gamsar da ni ƙwarai. Yana jera fikafikai uku a gindin kibiya da tazarar digiri 120 tsakaninsu, ya ɗan karkata su domin iska ta riƙa murza kibiyar, abin da ke hana ta kaɗa gindi bayan ta bar tsirkiya. Ba ya matsar da su gaba sosai, domin hakan na rage musu ƙarfin saita kibiya. Sai dai ba ya gaggawa, saboda yana jiran gam ya bushe sarai, don haka mai buƙata ya kai masa kibansa da wuri.