LoTW ya rage min jiran kati

Gaskiya duk mai rediyon sha'awa da ke burin samun lambar DXCC ya gwada LoTW, wato kundin intanet na tabbatar da tuntuɓar rediyo, na ARRL, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka. Sharaɗin lambar dai ka tabbatar ka yi magana ta rediyo da mutane a ƙasashe ko yankuna 100 cikin 340, to a da sai ka tura katin QSL, wato katin shaidar kun yi magana, ta gidan waya ka zauna jiran gawon shanu, wani ma ko amsa babu. Yanzu da manhajar TQSL nake loda bayanaina a LoTW, in wanda muka yi magana da shi ma ya loda nasa, lokaci da zangon rediyo suka dace, shikenan an ƙirga. Lodawa kyauta ne, wajen neman lambar ake biya. Amma fa ina kewar katin takarda, musamman masu hoton nan na Japan.